Karatun ƴan lise yana cikin tukunyar sabulu



Jarrabawar bak tana zuwa ne da faɗuwar damana, lokacin da hankalin kowa yake gona. Yaron da ya ci ta, hanyar jami'a ta buɗe masa. Wanda ya faɗi, sai ya sake shekara guda, uba kuma ya sake buɗe rumbu ko ya kai akuya kasuwa.

A ajin yaƙi da jahilci iyaye sukan ce mini: "Malam, mu da muka fara haɗa baƙi bara, me za mu iya yi wa ɗan lise?" Akwai abin yi. Ni ma karatuna a ƙaramar lakwal ya tsaya. Amma na duba littattafansu, na tambayi malamansu, na ga wani darasi da rabinsa a cikin gidajenmu yake. Sunansa shimi organik. Ƴan sashen kimiyya, wato C da D, su ne suke bitarsa.

Shimi ilimin haɗe-haɗe ne: a haɗa wannan da wancan, wani abu dabam ya fito. Shimi organik kuwa yana magana kan abubuwan da aka gina da karbon. Karbon shi ne baƙin abin nan na gawayi. Yana cikin mai, da sukari, da nono, da auduga, da man fetur.

A da, masana suna zaton jikin mai rai kaɗai yake iya yin irin waɗannan abubuwa. A shekarar 1828 wani Bajamushe mai suna Wohler ya haɗa ure a ɗakin gwaji. Ure yana cikin fitsarin mutum da na bisashe. Shi ne kuma farin takin zamanin nan da ake rubuta 46 a jikin buhunsa. Ma'anarsa, cikin kilo 100 akwai kilo 46 na azot, abincin shuka. Buhu mai kilo 50 yana da kilo 23 ke nan. Irin wannan lissafi yaranku suke yi.

Ga haɗi huɗu da suke cikin karatunsu.

Na ɗaya, ƙonewa. Gaz ɗin girki yana da wani abu da ake kira butan. Matatar mai ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, tana fitar da gaz daga ɗanyen man Agadem. Idan iska ta wadata, harshen wuta shuɗi ne. Abin da yake fita, gaz karbonik ne da tururin ruwa. Idan iska ta yi kaɗan, wuta ta yi rawaya, gindin tukunya ya yi baƙi, wata iska mai guba ta fito. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce take kashe masu kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin ɗari. Ku kiyaye da wannan.

Na biyu, tsami. Makiyaya sun san madara tana kwana ta zama nono. Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin sukarin madara, su mayar da shi asid. Asid shi ne tsamin da harshe yake ji. Wani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya bayyana haka a 1857. Yistin mai burodi kuwa yana mayar da sukari alkol da gaz. Gaz ɗin ne yake kumbura ƙullu, alkol kuma ya tashi a cikin zafin gashi. Idan ruwa mai alkol ya daɗe a buɗe yana shan iska, sai ya zama binegar. Tafiyar tana da zango biyu: alkol ya zama aldehid, aldehid ya zama asid. A littafin yara alkol aji uku ne. Na aji ɗaya yana cin zango biyun nan. Na aji biyu yana zama seton, ya tsaya nan. Na aji uku ba ya ko motsawa.

Na uku, sabulu. Nan iyayenmu mata su ne malamai. Ana samun mai ko kitse, a haɗa da ruwan toka ko soda, a dafa. Abu biyu suke fitowa: sabulu da giliserin. Soda tana ba da sabulu mai tauri. Ruwan toka, da yake fotas ne a cikinsa, yana ba da mai laushi. Haɗin yana tafiya a hankali, shi ya sa ake ɗora shi a wuta, amma yana kai ƙarshe. Idan soda ta yi yawa, sabulu ya ci hannu. Idan mai ya yi yawa, ya yi maiƙo. Don haka ake awo, don haka kuma ake ba yara lissafinsa. Ƙwayar sabulu kamar igiya take. Baki ɗaya yana kama maiƙo, ɗaya bakin yana kama ruwa. Ruwa ya ja igiya, dauɗa ta biyo. Soda kuwa tana ƙona fata da ido, a ajiye ta nesa da ƙananan yara.

Na huɗu, ester. Idan asid ya haɗu da alkol, ana samun ester da ruwa. Ƙamshin ayaba daga irinsa ne. Man gyaɗa ma ester ne. Wannan haɗi shi ma a hankali yake tafiya, amma ba ya kai ƙarshe, domin ruwan da ya fito yana warware abin da aka ƙulla. Idan aka zuba asid da alkol na aji ɗaya daidai wa daida, wajen kashi 2 cikin 3 kaɗai yake juyawa. Zafi yana gaggauta shi, ba ya ƙara masa yawa. Yaro ya riƙe bambancin: na sabulu yana ƙarewa, na ester yana tsayawa a hanya.

To, yaya za ku taimaka?

Ku zaunar da yaro, ko lokacin hutu ne, ko ta wayar salula in yana birni. A kan kowane haɗi ku yi masa tambaya uku. Me aka haɗa? Me ya taimaka, zafi ne ko iska? Me ya fito? Ya amsa muku da Hausa. In ya kasa gaya wa mahaifiyarsa abin da yake faruwa a tukunyar sabulunta, haddacewa ya yi, bai gane ba tukuna. Sai ya koma ya tambayi malaminsa. Hadda takan gudu ranar jarrabawa.

Ku sa shi ya rubuta haɗin a allo, ku ƙidaya tare. Doka ɗaya ce: abin da ya shiga, shi zai fita, kamar awon hatsi da tiya. Ana rubuta butan C4H10, wato karbon 4 da idirojan 10. In an ƙona ƙwaya 2, karbon 8 ya shiga wuta. Tilas a samu karbon 8 a ɗaya gefen. In kun ga 7, akwai kuskure. Wanda ya iya 2 sau 4 ya iya duba wannan.

Ku ba shi lokaci. Awa guda kullum ta fi kwana uku ba barci gab da jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tanadi fitila. Ku hana shi shan ƙwayoyin hana barci. In ɗiya mace ce, a rage mata daka da ɗiban ruwa a watannin nan, ƙannenta da ƴan'uwanta maza su kama. Takarda ɗaya za a ba ta da namiji, lokaci ɗaya kuma za a karɓa.

Ku ce ya nemi tambayoyin shekarun baya wurin malamansa. Ya amsa su da littafi a rufe, sannan ya buɗe ya duba.

Gona tana bukatar hannu, gaskiya ne. Amma kwanakin jarrabawa kaɗan ne. Ku yi haƙuri da hannu ɗaya har a gama.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya ba mu damana mai albarka. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.