An Rushe Zango, Ina Hotonta?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Duk majalisar da aka taɓo sana'ar hoto, sai ka ji wani ya gyara zama ya ce, "Ai zamanin mai hoto ya wuce, yanzu kowa mai hoto ne, ga salula a aljihu." Ana faɗin haka cikin annashuwa, kamar wata riba aka ci. Ni kuwa na ce asara ce, kuma a duk ƙasar Burkina Faso babu waɗanda ya kamata su fi jin zafinta irin mu 'yan Zangon Wagadugu, domin mun ga yadda unguwa sukutum take ɓacewa daga doron ƙasa.

Bari in tuna wa wanda ya manta, in kuma sanar da 'yan'uwanmu na Kano da Maraɗi da Kumasi. Zango, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa ce a tsakiyar birnin Wagadugu. Fatake ne suka kafa ta, irin waɗanda ke bin hanyar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Ta yi masallatai da makarantun allo da mahauta da madinka da dillalai da gidajen saukar baƙi. A shekarar 2003, ƙarƙashin shirin nan na ZACA da gwamnatin Blaise Compaoré ta ɓullo da shi don mayar da tsakiyar gari wurin kasuwanci da ofisoshi, aka tashi mutanen Zango tare da maƙwabtansu na Tiedpalogo da Peuloghin da wani ɓangare na Koulouba. An yi turjiya, an biya diyya, aka raba filaye a Nioko da gefen Ouaga 2000, katafila ta shiga. Shekaru suka yi ta wucewa wasu filayen na nan fayau, sai ciyawa.

To, mai karatu, ga tambayata. Yaron da aka haifa bayan tashin, yanzu ya kai munzalin aure. In ya ce maka, "Baba, nuna min ƙofar gidan kakana," me za ka ɗauko? In ya ce yana son ganin layin da mahauta ke zama, ko zauren da aka ɗaura auren uwarsa, ko ranar da aka loda kaya a mota ana kuka, wane akwati za ka buɗe? Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma mu abin da muka tanadar wa 'ya'yanmu ji ne kawai. Tsofaffin da ke ba da labarin kuma kullum raguwa suke yi. Kowa ya koma gida ya duba, ya gaya wa kansa gaskiya.

Wannan giɓi shi ne mai hoto na gaskiya yake cikewa, kuma shi ne muke murnar mutuwarsa.

Sana'ar ba yau ta fara shan bugu ba. A da, shagon hoto wuri ne mai daraja. Mutum kan yi wanka, ya sa kayan Sallah, ya je ya tsaya gaban labule mai zanen jirgin sama ko benen birni. Mai shago shi ke ɗauka, shi ke shiga ɗakin duhu ya wanke, shi ke ajiye nagetif, wato baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, ta yadda ko bayan shekara goma ka dawo zai sake wanke maka. A shekarun 1980 injinan wanke hoto mai launi suka shigo biranen Afirka ta Yamma, sai ya zama duk wanda ya mallaki kyamara da keke ya zama mai hoto. Su ne waɗanda ke bin biki da suna, su ɗauka, su ruga wurin wanki, su dawo su baza katunan a ƙofar gida kafin taro ya watse. Daga nan kyamarar zamani mara fim ta zo, hukumomi suka koma ɗaukar hoton katin shaida da kansu ta kwamfuta, salula kuma ta zo ta ƙarasa. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Kamfanin Kodak da ya yi sarautar fim fiye da shekara ɗari ya durƙushe a watan Janairun 2012. A watan Mayun 2013 jaridar Chicago Sun-Times ta Amurka ta sallami dukan ma'aikatan sashen hotonta su 28 a rana guda, ta ce 'yan rahoto su riƙa ɗauka da waya.

Duk wannan gaskiya ne, amma ɗora wa salula laifi gaba ɗaya wayo ne na mai neman wanke kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu muka tsaga bangon, ta hanya uku.

Ta farko ita ce rowa. Dubi yadda muke biki. Za a kama rumfa da kujeru, a ɗauko mai kiɗa, a yi anko, a yi wa maroƙi liƙi har ya rasa aljihun zubawa. Amma da an zo kan mai hoto sai ciniki ya tashi, ana ja-in-ja a kan dala ɗari. Wasu ma sukan tsaya kan katunan da ya baza, su ɗauki hoton hoton da wayarsu, su juya su tafi, shi kuwa ya riga ya biya kuɗin wanki daga aljihunsa. Wannan ko a wace kasuwa sunansa cin haƙƙi. Abin mamaki, shinkafar bikin ta ƙare a ranar, ankon ya koɗe a shekara, abin da kawai zai kai ga jikoki shi ne wanda muka fi rainawa.

Ta biyu ta 'yan jarida ce da masu shafukan labarai, kuma su ya kamata su fi kowa sani. Buɗe jaridun da ake bugawa da Faransanci, ka duba ƙarƙashin hotuna, sau nawa za ka ga haruffa biyu, DR, a inda ya kamata a ga sunan mutum? Ma'anarsu wai an kiyaye haƙƙin mai shi, alhali sau da yawa ba a neme shi ba balle a biya shi. Namu na Hausa su kuma sai su rubuta "Hoto: Facebook" ko "Hoto: intanet", kamar Facebook ne ya tsaya cikin rana ya ɗauka. Burkina Faso tana da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BBDA, tun 1985, kuma doka ta haɗa da hoto kamar yadda ta haɗa da waƙa da littafi. Marubucin da zai tada jijiyar wuya in an saci sakin layi ɗaya daga rubutunsa, shi ne zai kwafi hoton wani ya liƙa a saman maƙalarsa ko gezau.

Ta uku ita ce ta fi ciwo, wato wulaƙanta abin da aka riga aka ɗauka. Labarin Sanlé Sory ya ishe mu misali. Wannan bawan Allah ya buɗe shagonsa, Volta Photo, a Bobo a shekarun 1960, ya ɗauki samari da 'yan mata da makaɗa da direbobi da Fulani da 'yan kasuwa na wancan zamani. Da kasuwa ta mutu, babu wanda ya tambaye shi tsofaffin nagetif, har ya fara ƙona su. Wani marubuci Bafaranshe, Florent Mazzoleni, wanda ya zo binciken tsofaffin waƙoƙin ƙasar, shi ya tarar da shi ya nuna masa darajar abin da ke hannunsa. A 2018 aka baje hotunansa a babban gidan adana kayan fasaha na Chicago. Haka Malick Sidibé na Bamako, sai da aka ba shi babbar lambar yabo a Venis ta Italiya a 2007. Haka Philippe Koudjina da ya ɗauki daren Yamai na shekarun bayan samun 'yanci. Sai Bature ya ce abu na da kyau sannan mu waiwaya, mu dawo muna kukan an kwashe mana tarihi. Wa ya hana mu saye tun yana araha a ƙofar gidanmu? Kuma ajiya ba ta jiran ranar da muka shirya: ambaliyar 1 ga Satumba 2009 ta shiga har ma'ajiyar finafinan Afirka da ke hedikwatar FESPACO a nan Wagadugu ta yi ɓarna. In wurin da hukuma ke tsaro ya ji jiki, ina ga kwalin da ke ƙarƙashin gadon tsohon mai hoto?

Na san abin da za a ce min. Za a ce salula ta ba talaka ido, kuma a ranakun 30 da 31 ga Oktoba 2014, lokacin da aka ƙona majalisar dokoki Compaoré ya sauka, dubban mutane sun ɗauki abin da ya faru da wayoyinsu. Ban musa ba, alheri ne. Amma ina hotunan yanzu? Wayoyin sun lalace, an sace wasu, an goge wasu don a samu wurin sababbi. Waɗanda suka saura da suna da rana da wuri, waɗanda littattafai ke bugawa, galibinsu na ma'aikatan kamfanonin dillancin labarai ne irin AFP da Reuters, kuma duk mai son bugawa sai ya biya su. Mai ɗaukar hoton jarida shaida ne. Yana sa sunansa, ya faɗi inda ya tsaya da lokacin, in ya yi ƙarya a san wanda za a kama. Hoton da ke yawo a WhatsApp kuwa marar uba ne. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda aka yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook lokacin rikicin Jihar Filato a Najeriya, alhali wasunsu ba ma a ƙasar aka ɗauke su ba, kuma suka ƙara rura wutar. Yanzu ga kwamfuta na ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci gasar hoto ta Sony da irin wannan, sannan ya ƙi karɓar kyautar don ya ja hankalin duniya. A irin wannan zamani buƙatar shaida mai suna ƙaruwa ta yi.

Shaidar nan kuma da rai ake biyanta. A daren 15 ga Janairu 2016, a titin Kwame Nkrumah, dab da inda Zango take a da, 'yan bindiga suka kai hari gidan abinci na Cappuccino da otal ɗin Splendid. Cikin waɗanda aka harba har da Leila Alaoui, mai ɗaukar hoto 'yar Maroko da Faransa, wadda ta zo aiki wa ƙungiyar Amnesty, ta rasu bayan kwana uku tana da shekara 33. Direbanta ma ya rasa ransa. Daga baya hukumomi suka dakatar da RFI a Disambar 2022 da France 24 a Maris 2023, suka kori wakilan Le Monde da Libération a Afrilu. Kowa na da ra'ayinsa a kan wannan. Abin da ba ra'ayi ba ne shi ne, in baƙo ya tafi, ɗan gida ne ya rage ya ɗauki tarihin waɗannan shekaru na gudun hijira da tsadar rayuwa. Shi kuma ɗan gidan mun bar shi ya sayar da kyamara ya koma gyaran waya.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Mai biki ya sa kuɗin mai hoto cikin lissafi tun farko, ya biya ba tare da wulaƙanci ba, ya kuma wanke ko da kati ashirin ne, a rubuta suna da shekara a bayansu. Mai jarida da mai shafi su nemi izini, su rubuta sunan wanda ya ɗauka, in suna samun kuɗin talla su raba da shi. Su kuma masu hoton su daina karya wa juna farashi a ƙofar biki, su yi rajista da BBDA, su koyi ajiye aikinsu wuri biyu ko uku.

Babban aikin yana kan dattawanmu da attajiranmu da ƙungiyoyin matasa. A bi gidajen 'yan Zango a Nioko da Ouaga 2000 da duk inda aka watsu, a roƙi albam ɗin da ke cikin akwatunan iyayenmu mata, a kwafe su a mayar wa masu su. A nemi tsofaffin masu shagon hoto ko magadansu, a sayi nagetif ɗinsu da farashin mutunci. A zaunar da tsofaffi su faɗi wane ne wannan, gidan wa ke bayansa, wace shekara ce. Kuɗin da ake liƙi a biki ɗaya na manya ya isa a fara. Alhajin da ya ɗauki nauyin wannan ya yi wa zuriyar Zango hidimar da za a daɗe ana ambato, domin kowace damina kwalaye na jiƙewa, gara na ci, kuma kowace shekara muna binne waɗanda suka san fuskokin.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa Zango.