Masuntan Ingila Masu Kama Kifi Su Sake Shi

Waɗanda suka aiko da wasiƙu suna tambayar abin da ya hana wannan fili fitowa a watan jiya, to tafiya ce ta kama ni zuwa Ingila, wajen ɗana da ke aiki a kudancin ƙasar, a lokacin da su can suke cikin bazararsu, mu kuwa nan muna tsakiyar damina. Na dawo lafiya, kuma tsarabar da na riƙo muku ita ce labarin wani irin su da Turawa ke yi, wanda in ka ba mutumin Yeji zai ce shara ta kake yi: mutum ya biya kuɗi masu yawa, ya wuni a bakin kogi, ya kama kifi, ya dube shi, sa'an nan ya mai da shi ruwa, ya koma gida hannu rabbana.

Kifin sunansa tirawut. Ba mu da shi a Gana, ba kuwa zai rayu a kogunanmu ba, domin kifin ruwan sanyi ne. Da zarar ɗumin ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita. A Afirka sai a kan tsaunuka ake samunsa, kamar Kenya, inda Turawan mulki suka kai shi a 1905, da Lesotho da Afirka ta Kudu. Jikinsa ruwan ƙasa ne da ɗigo-ɗigo baƙi da ja, kuma yawancinsu ba su wuce kamu ɗaya ba. Kusa da giwan ruwa dai yaro ne ƙarami. Amma wajen wayo da tsoro, na yarda babu kamarsa.

Kogunan da suka fi suna wajen wannan su guda biyu ne, Test da Itchen, duka a lardin Hampshire. Test ba ya wuce mil 40 daga mafarinsa zuwa teku, kuma a wurare da dama yaro zai iya jefa dutse ya ƙetare shi. Abin da ya ɗaukaka su shi ne ƙasar da suke bi, wadda ƙarƙashinta duk dutsen alli ne. Ruwan sama da ya zuba da hunturu sai ya nutse cikin allin kamar soso, ya yi watanni yana tacewa, kana ya ɓuɓɓugo a maɓuɓɓuga, garau kamar hawaye, sanyinsa kuwa wajen digiri 10, rani da damina. Saboda haka kogin ba ya yin ambaliya irin ta haukan nan, ba ya kuma yin ja. Kana tsaye a gaɓa kana ƙirga tsakuwar da ke ƙasa. Irin waɗannan koguna na alli kaɗan ne a duniya, kuma mafi yawansu a Ingila suke.

To, ruwan da kake ganin kifi a cikinsa, shi ma kifin yana ganinka, daga nan wahalar take farawa. Ba koma, ba taru, ba birgi, ba mamari. Fatsa ce kawai, ita ma ba a sa mata tana ko wani abin ci. Ƙwaron ƙarya ake ɗaura wa ƙugiya, wanda aka yi da gashin zakara da zare da ɗan gashin zomo, wani bai fi ƙwayar shinkafa ba. Da yake ƙwaron ba shi da nauyin da za a wurga shi, igiyar ce aka yi mai nauyi, a ƙarshenta kuma aka ƙulla zaren roba siriri wanda ido ba ya gani. Sandar kusan ƙafa 9 ce, mai lanƙwasa kamar tsumagiya. Masunci yana kaɗa igiyar gaba da baya a sama, kamar mai koyon bulala, har ta miƙe, sa'an nan ya sauke ƙwaron a hankali a gaban kifin, ruwa ya gangaro da shi. In ya faɗi da ƙara, ko igiyar ta ja shi ya yi wata tafiya da ƙwaro na gaskiya ba ya yi, shi ke nan, kifin ya shige ƙarƙashin ciyawa, sai kuma gobe.

Akwai wani ƙwaro da suke ji da shi ƙwarai, mai fitowa daga tsakiyar watan Mayu zuwa farkon Yuni. Yakan yi kamar shekara 2 a cikin laka yana tsutsa, rana ɗaya ya taso saman ruwa ya yi fiffike, ya yi kwana ɗaya ko biyu, ya yi ƙwai ya mutu, ko bakin cin abinci ba shi da shi. Duk wanda ya ga yadda kaji da ƙadangaru ke ruɗewa ranar da shinge ya fito bayan ruwan farko, to ya san halin da tirawut ke shiga a waɗannan makwanni. Ni na isa bayan ya wuce, lokacin da kifi ya koma hankalinsa.

Kada ku ɗauka abin wasa ne a wurinsu, har mazhabobi gare su. Wani mai suna Frederic Halford ya fitar da littafi a 1886, shi da mabiyansa suka tsaya a kan cewa mutumin kirki ba ya kama tirawut sai da ƙwaron da ke yawo a saman ruwa, kuma sai ya ga kifin da idonsa, ya jefa masa daga baya, wato ta inda ruwa ke gangarawa zuwa inda yake fitowa. Sai wani lauya, G. E. M. Skues, wanda ke su a Itchen, ya lura cewa yawancin abincin kifin a ƙarƙashin ruwa yake cinsa, tun ƙwaron yana tsutsa. Ya rubuta nasa littafin a 1910, ya ce a bar mutane su nutsar da ƙwaron ƙarya. Wohoho! Aka yi ta ja-in-ja shekara da shekaru, har a 1938 aka zauna muƙabala a Landan, Halford ya daɗe da mutuwa amma almajiransa suka taru a kan Skues, kuma a wannan shekarar tsohon ya bar wurin da ya yi fiye da shekara 50 yana su. Da ake ba ni wannan labari sai na tuna rigimar ƙabalu da sadalu a masallatanmu na Zango. Ashe ɗan Adam ko'ina yake ba ya rasa abin raba sahu.

Maƙwabcin ɗana ne ya kai mu, wani dattijon Bature da ya yi ritaya, wanda ke da izinin shiga wani yanki na kogin da baƙi biyu. Tun daga mota ɗana ya ce mini, “Baba, a cire farar hular nan, kuma a rage murya, kifin yana jin takun ƙafa.” Muka yi ta rarrafe a bayan ciyawa kamar maharba. Wajen la'asar, bayan dattijon ya riƙe hannuna ya nuna mini kaɗawar ya fi sau talatin, wani kifi ya taso ya buɗe baki ya haɗiye ƙwarona a kan idona. Ba zan ɓoye muku ba, gabana ya faɗi kamar yaron da aka ba kyautar keke. Dattijon ya jiƙa hannunsa kafin ya taɓa shi, don kada ya goge santsin jikinsa da ke kare shi daga cuta, ya zare ƙugiyar, wadda dama an danne mata ƙayar baya, ya riƙe kifin cikin ruwa kansa na fuskantar igiyar ruwa har ya farfaɗo ya sulale. Da dare na buga wa uwargida waya ina ba ta labari, ta bari na gama tsaf, sa'an nan ta ce, “To Malam, ina kifin?”

Tambayarta ita ce tambayar, kuma amsar da na samo ita ce ba kifi suke saye ba, kogin suke saye. A dokar Ingila mai gonar da ke bakin kogi shi ke da ƙasan kogin har tsakiya, shi ke da ikon su a wurin. An yanka kogin gunduwa-gunduwa, kowane yanki da mai shi. A wurare masu suna, kuɗin wuni ɗaya fam ɗaruruwa ne, ku kuwa ku lissafa da sidi. Akwai wata ƙungiya a garin Stockbridge mai suna Houghton Club, tun 1822 take, wadda ke riƙe da mil da yawa na Test, kuma ko kana da kuɗi ba ka shiga sai an gayyace ka. Wannan ɓangaren bai burge ni ba ko kaɗan. Kogin da Allah ya saukar daga sama, a ce ɗan talakan da aka haifa a bakinsa sai dai ya leƙa daga kan gada? Sa'an nan da yawa daga manyan kifayen da masu kuɗin ke ɗaukar hoto da su, a gona aka kiwata su aka zuba, kamar kajin gidan gona. Tun 2015 ma doka ta ce irin waɗannan sai dai waɗanda ba sa haihuwa, ko kuwa 'ya'yan kifin kogin kansa, don kada su ɓata iri.

Amma fa kuɗin nan akwai inda suke zuwa. Kowane yanki yana da mai gadin kogi, wanda aikinsa ke nan shekara duka. Da bazara yana shiga ruwa da doguwar lauje yana yanke ciyawa a ranakun da aka tsayar, don ruwa ya sami hanya, kifi kuma ya sami maɓoya. Da kaka yana wanke tsakuwa, domin tirawut da hunturu take ƙwai, macen ta tona rami da wutsiya a cikin tsakuwa ta zuba ta rufe, in laka ta toshe tsakuwar ƙwan ya shaƙe ya mutu. Daga wajen Oktoba har zuwa Afrilu kuwa an rufe su, ko kai wane ne.

Da na ga haka sai na ce ai wannan Sarkin Ruwa ne aka sa wa wando da takalmin roba. Mutanen Kabi sun san wannan tun kafin Bature ya zo. Ruwan Matan Fada da ake bikin su na Argungu a cikinsa, wanda aka fara a 1934, ai don an hana taɓa shi sauran watannin shekara ne ake fito da giwan ruwa wadda sai ƙarti sun taru su ɗaga. Nan gida ma masuntan Ga da Fante ba sa fita teku ranar Talata. Bambancin shi ne namu hanin na kowa ne, ranar da aka buɗe kuma ta kowa ce, ba a tambayar nawa ke aljihunka. Ni a ganina namu ya fi adalci, nasu ya fi tsanani wajen tsarewa. Yau wa ke gadin Pra da Birim da Ofin da Ankobra? 'Yan galamse sun mai da su kamar kunun kanwa, kuma cikin yaran da ke wannan haƙa har da namu na Zango, kada mu yi kamar ba mu sani ba. 'Yan'uwanmu masu fataucin busasshen kifi daga Yeji su ne za su gaya muku yadda girman kifin da ke shiga kwando yake raguwa, saboda taru mai ƙananan ido da ba ya barin ko ɗan tsako.

Su ma can ba su tsira ba. Garuruwa suna zuƙe ruwan da ke ƙarƙashin allin don famfo, ƙazantar bayan gida da takin zamani suna shiga kogunan. A watan Agusta na 2022 Test ya ja baya har aka hana mutanen lardin ban ruwan fulawa da wanke mota da tiyo. Masu fatsar nan ne ke kan gaba wajen kai ƙara da ɗaga murya, domin su ne kullum idonsu ke cikin ruwan.

Saura abu ɗaya da ya tsaya mini a rai. Mu an koya mana cewa ba a wahalar da dabba don wasa. Wanda ya kama kifi ya ci, babu magana. Amma wanda ya soka masa ƙugiya a baki, ya ja shi har ya gaji, don jin daɗi kawai, fa? Dattijon ya ce in kowa ya tafi da abin da ya kama, kafin shekara biyu kifin asali ya ƙare a kogin, kuma wannan gaskiya ne. Sai dai ko Turawan ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, domin a ƙasar Suwizalan doka ta hana mutum ya jefa fatsa da niyyar sakin abin da zai kama. Ina roƙon malamanmu na Kumasi da Nima da Tamale masu karanta wannan fili su aiko da abin da suka gani a littattafai, za mu buga.

Wanda kuma Allah ya nufa da zuwa wajen 'ya'yansa yana son ya gwada, to ya sani duk wanda ya kai shekara 13 sai ya yanki lasisin fatsa na hukuma, akwai na kwana 1, na kwana 8, da na shekara, kuma tarar wanda aka kama babu shi tana iya kaiwa fam 2,500. Lasisin daban, izinin mai wurin daban. A tsakiyar garin Winchester akwai ɗan guntun Itchen da aka bar wa kowa kyauta, kifin wurin dai ya ga ƙwaron ƙarya iri-iri har ya zama malami. A tafi da rigar sanyi ko da an ce bazara ce. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.