Gilashi Ɗaya Ya Ishi Mai Hoton Illela

Mai ɗaukar hoto a Illela ba ya zaɓen aiki. Ranar Lahadi yana kara tsakanin shanu da raƙuma, da dare yana wurin kamu, wani lokaci kuma ɗaurin aure ya tsallaka da shi Birnin Ƙonni. A ganina, in ƙarfinsa na gilashin kyamara ɗaya ne, to ya sayi 24-70mm mai f/2.8.

Dalili na farko ƙura ce. Duk sanda aka kwance gilashi domin ɗaura wani, cikin kyamara a buɗe yake, ƙurar hunturu kuwa ba ta sallama. In ta sauka kan sensa, ɗigo-ɗigo za su riƙa fitowa a hotuna har sai an goge ta. Gilashin da ke ɗauko faɗin kasuwa a 24mm, ya kuma matso da fuskar dillali a 70mm, ya rage yawan kwancewa.

Na biyu haske ne, domin f/2.8 na shigar da ninki biyu na hasken da f/4 ke shigarwa. Masu fifita 24-105mm mai f/4 suna da hujja: ya fi jawo nesa, ya kuma fi araha. Sai dai nesa ƙafa na iya rage ta, duhun ɗakin amarya kuwa, bayan an ɗauke wuta, tafiya ba ta maganinsa.

Mai kyamarar ƙaramar sensa, wato APS-C, ya nemi 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron, aikinsu kusan ɗaya ne. Ya tuna ba a maimaita kai amarya don hoto ya yi duhu.