Akushi Da Ƙwarya Ma Makaranta Ne

Jama'a, ina so in jawo hankalinmu ga wata al'ada da muke neman saki, musamman mu da aka haifa a Kurmi.

Da hutun Babbar Salla na sauka gidan wata goggona a Ilupeju, cikin Ikko. 'Ya'yanta uku, mata biyu da namiji, kowa da iyalinsa, suka zo yi mata barka da Salla daga Agege da Idi-Araba. Kowa ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye tsaraba, sa'an nan ya shiga duban agogo. Tsohuwa ta ce, "Ba mai fita sai an ci tuwo." Suka ce, "To, Inna."

Aka kawo tuwon masara da miyar kuka da naman layya, maza akushinsu, mata nasu, yara nasu. Da aka wanke hannu sai ta kife ƙwarya a daron ruwa ta kama kaɗawa, 'ya'yanta mata na tafi suna amshi, ɗan kuwa ya koma bakin ƙofa don kunya, amma kunnensa na ciki. Jikokin nan, da Yarbanci da Turanci suka fi zama a bakinsu, kafin magariba sun haddace amshin, har suna tambaya mene ne lugude.

To, abin da na gani ke nan ya sa na ce ziyarar da ba a ci tare ba, ba a yi hira ba, gaisuwar hanya ce kurum. Hausawa sun daɗe a wannan ƙasa. Tun da hanyar jirgi daga Ikko ta isa Kano, fataucin goro da shanu ya ƙara cika Zangon Agege. Yau akwai tattaɓa-kunnen fataken nan da ba su taɓa ganin Dala ba, amma suna jin Hausa. Ba littafi ya riƙe musu ita ba, bakin kakanni ne, a gindin murhu da gefen akushi.

Wani zai ce kiɗa ai na maroƙa ne, bai kamaci ɗan mutunci ba. Wannan kuskure ne. Shantu da lugude da waƙar niƙa da ta reno na cikin gida ne, ba a roƙon kowa da su. Kiɗan ƙwaryar da marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna da shi, a tsakar gida iyayenmu mata suka raine shi.

Wani kuma zai ce ai yana aika wa tsohuwa kuɗi ta waya kowane wata. Madalla, Allah ya yi albarka. Amma fa kuɗi shinkafa suke saye, ba su taya ta ci. Zumunta a ƙafa take.

Saboda haka, 'yan'uwana malaman gobe, in an yi hutu mu je gida mu kwana. Mu ajiye waya, mu sa hannu a akushi ɗaya da ƙannenmu, mu roƙi tsofaffi su rera, mu ɗauki alƙalami mu rubuta. Ran da tsohuwa ta kwanta dama, abin da ke bakinta ya tafi ke nan, kuma ba kantin da za mu sayo shi mu koya wa yara a aji.

Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya ba mu ikon kyautata musu, amin.