CIKA CIKI DABAN, GINA JIKI DABAN: MAGANAR DUSAR DA MUKE SAYE A ANKARA

Yau maganarmu a kan abincin dabbobi take, musamman dusar da muke saye buhu-buhu muna zuba wa shanu da raguna a karar Tulaku ta Ashaiman, da kuma turakun da ke lungunan Nima da Maamobi. Kowa a cikinmu ya san kuɗin sa a Pouytenga ko Fada N'Gourma, ya san kuɗin tirela, ya san abin da ake kashewa daga Paga har bakin teku, tafiyar wajen kilomita 800. Amma tambayi mutum me ke cikin buhun dusar da ya saya jiya, sai ka ga ya yi shiru. To, ta wannan ƙofar riba take zurarewa ba mu ankara ba.

Mu a ganinmu, lokaci ya yi da ƙungiya za ta sa hannu a harkar dusa kamar yadda take sa hannu a harkar la'ada da takardun kan iyaka. Ga dalilanmu.

Masana kiwo sun daɗe da gane cewa abin da dabba ta haɗiye daban, abin da ya zauna a jikinta daban. Abin da ke gina tsoka shi ne furotin, shi kuwa furotin haɗi ne na wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Masara tana da furotin kamar kashi 9 cikin 100, kuma biyu daga cikin sinadaran nan, wato laisin da tiriftofan, sun yi ƙaranci a cikinta. Jar dawa mai bauri kuwa, baurin nan nata yakan riƙe wani sashe na furotin ɗin ya hana shi narkewa, sai ya fita cikin kashi. Yawancin binciken nan a kan kaji da aladu aka yi shi. Alade dai ba hajarmu ba ce, amma ilimi kayan mumini ne, duk inda ya gan shi sai ya ɗauka.

Saboda wannan ƙarancin ne Cibiyar Binciken Amfanin Gona ta Kumasi ta fito da masarar Obatanpa a 1992, wadda laisin da tiriftofan ɗinta suka fi na masarar da aka saba. Ta yi wa yara amfani, ta yi wa masu kaji amfani. Sai dai fa a lura, sa ba kaza ba ne. Kaza cikinta ɗaya, dole a ba ta sinadaran nan a shirye cikin abinci. Sa da rago kuwa masu tuƙa ne. Cikin tumbinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar da ciyawa, su kuma ƙera wa dabbar yawancin furotin ɗin da take bukata. Wato idan ka zuba wa sa abinci, halittun nan kake fara ciyarwa. In sun ƙoshi, sa ya yi nama. In abincin ya gaza kashi 7 cikin 100 na furotin, sai aikinsu ya yi sanyi, dabbar ta rage ci, ta riƙa ramewa alhali ga abinci a gabanta.

To, mu auna abin da muke saye da wannan ma'auni. Dusar alkama ta ainihi, irin wadda ke fitowa daga injinan fulawa na Tema da Takoradi, tana da furotin wajen kashi 15 ko 16. Harawar wake mai ganye takan haura kashi 10. Tunkuzar gyaɗa ta wuce kashi 40. Karan shinkafa bai fi kashi 3 ko 4 ba. Shi kuwa ɓuntun shinkafa, in an niƙa shi sai ya yi kama da dusa, amma kusan babu komai a cikinsa sai ƙaiƙayi mai tauri. Nan ne algus yake shiga. Tsakanin bakin inji da bakin turke buhu yakan bi hannu uku ko huɗu, kuma a hanya wani yakan ƙara ɓuntu, wani yashi. Tun da ba a sikeli muke saye ba, da ido ne ko da olonka, babu mai iya kama kowa.

Abin ya ƙara tsanani duk lokacin da hatsi ya yi tsada. Alkamar Gana daga waje take zuwa. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, ga sidi ya faɗi, dusa ta tashi. A watan Agusta na 2024 kuma fari ya ci arewacin ƙasa har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya. A irin wannan lokaci mai kaji da mai shanu buhu ɗaya suke kokawa a kai, mai algus kuwa kakarsa ta yanke saƙa.

Wani zai ce, “Ai shanunmu kwana nawa suke yi a kara? Mu fatake ne, ba makiyaya ba.” Gaskiya ne in kasuwa ta yi kyau. Amma wa ya taɓa rubuta wa kasuwa rana? Tirela biyar su sauke rana ɗaya, mahauta su ja baya, sai ka ga sa ya yi sati biyu ko uku a ɗaure, kullum yana cin kuɗi yana zubar da nama. Ragunan layya kuwa wata biyu ko uku suke yi a turke a Zango, kuma da yawa daga cikinsu jarin mata ne da marayu.

Wani kuma zai ce a bar dusa, a zuba masara tsaba, ai ita ce mai kyau. Hattara dai! Dabbar da ta kwana biyu ko uku a tsaye cikin mota, ba ci ba sha sosai, in ka tare ta da hatsi mai yawa, cikinta zai yi tsami, sai kumburi da zawo, wani lokaci har a kai ga sa wuƙa. Halittun tumbi suna bukatar kamar sati biyu kafin su saba da hatsi. Kwanakin farko ruwa ne da busasshiyar ciyawa da harawa, sa'an nan a riƙa ƙara dusa kaɗan-kaɗan. Haka nan masara ko tunkuzar da ta yi fumfuna, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, don akwai dafi a cikinta mai lalata hanta, kuma da danshin Ankara abu ba ya daɗewa bai yi fumfuna ba. Angurya tana da kyau ga manyan shanu, amma ba a cika wa 'yan maruƙa ita.

Abin da muke roƙon shugabanni da masu gida da dillalai su duba guda huɗu ne. Na ɗaya, a kafa sikeli a kara, dusa ta koma kilo. Na biyu, a haɗa kuɗi a riƙa sayowa daga bakin inji kai tsaye, a raba wa 'yan ƙungiya, a rage yawan hannuwa. Na uku, duk wanda zai sayi buhu ya ɗebi tafi ɗaya ya zuba a bokitin ruwa ya motsa. Yashi zai kwanta a ƙasa, kowa ya gani da idonsa. In an yi gardama, akwai Cibiyar Binciken Dabbobi ta gwamnati nan kusa da Ankara, akwai Jami'ar Legon, sai a kai samfur a auna. Na huɗu, mu da muke hawa arewa bayan kaka, mu riƙa haɗo harawa da kowar wake tun suna da araha, a sama musu rumfa mai tsaro daga ruwa.

Sa'an nan mu ma mu gyara namu. Masu ɗura wa sa gishiri da ruwa da safe don cikinsa ya fito, su sani mahauci nama yake aunawa, kuma sau ɗaya ake yi masa haka. Ba ma iya kuka da mai zuba ɓuntu a dusa alhali muna yin irinta a turke. Tauye mudu dai duk ɗaya ne a wurin Allah, ko a buhu ko a cikin dabba. Iyayenmu da suka koro shanu da ƙafa har Kumasi, amana ce jarinsu, da ita suke karɓar bashi ba takarda.

Muna fata a sa wannan magana cikin ajandar taro mai zuwa, kafin kasuwar layya ta kankama. Wanda yake da wata shawara ya rubuto mana, ko ya faɗa wa maigidansa ya kawo. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kiyaye hanya, amin.