Kafin ka biya, leƙa laburare

Lokacin da nake rubuta kundin digirina na biyu, na shafe mako biyu ina karanta tsakuren wata maƙala a shafin ScienceDirect, domin cikakkiyarta sai an biya da dala. Ranar da na je laburaren jami'armu, wata ma'aikaciya ta zaunar da ni gaban kwamfuta, ta shiga Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, ta sauke mini maƙalar nan take.

Abin da ke damuna shi ne ɗalibai da yawa ba su san da wannan dama ba. Ya kamata jami'o'inmu su koya wa kowane sabon ɗalibi yadda zai yi amfani da ita tun makon farko. Ɗalibi, matambayi ba ya ɓata. Ka je ka tambayi ma'aikatan laburarenku.