An Buɗe Kasuwar Shanu A Birnin Gwari, Yaushe Za A Buɗe Ɗakin Karatu?

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 ne Gwamnan Jihar Kaduna, Uba Sani, ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu 'yan bindiga da aka ce sun ajiye makamai, ya kuma buɗe kasuwar shanun garin wadda ta shafe kimanin shekaru goma a rufe. Motoci suka koma bin hanyar da a da sai da rakiyar sojoji ake shigarta, manoma da dama suka koma gonakinsu. Babu mai hankalin da zai ƙi jinin ranar da aka daina zubar da jinin bayin Allah. Sai dai akwai tambaya guda da ta rage a wuyan mahukunta da masu hali da ma su kansu matasa, ita ce: yaran da suka tashi cikin waɗannan shekaru na tashin hankali a Gayam da Randagi da Kakangi da Dogon Dawa da Kuyello, me aka tanadar masu, musamman a lokacin dogon hutun makaranta?

Idan ba a manta ba, a watan Oktoban 2012 ne 'yan bindiga suka afka wa Dogon Dawa da asuba suka kashe kimanin mutane 20, wasu daga cikinsu a bakin masallaci. A watan Maris na 2018 aka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka, a watan Mayu na wannan shekarar kuma aka kashe sama da mutane 40 a Gwaska. A ranar 15 ga Maris, 2021, aka shiga makarantar firamare ta Rama aka yi awon gaba da malamai uku, kwanaki huɗu kacal bayan an kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka. A ranar 7 ga Maris, 2024, aka kwashe yaran makarantar Kuriga da ke Ƙaramar Hukumar Chikun, maƙwabciyar Birnin Gwari, aka kora su daji kamar garken tumaki.

To, a yi lissafi. Yaron da aka haifa a Gayam a shekarar da aka kai harin Dogon Dawa yana da shekara 12 lokacin da aka buɗe kasuwar shanu. Shekarunsa na firamare kaf sun faɗa cikin lokacin da malami ke tsoron zuwa aji, uba ke tsoron zuwa gona, azzalumai ke ɗora wa manomi haraji kafin ya girbe abin da ya shuka. Wannan yaro ya san ƙarar bindiga kala-kala, ya san farashin fansar mutum. Da yawa daga cikin sa'o'insa ba za su iya karanta wasiƙar da aka rubuta da Hausa ba, ko da boko ko da ajami. Su ne samarin gobe, kuma a hannunsu sulhun zai ɗore ko ya wargaje.

Dogon hutu a ƙasar nan yakan kama daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba, a tsakiyar damina. 'Ya'yan masu riƙe da madafun iko ba su san wani abu wai shi zaman banza a wannan lokaci ba. Ana kai su darasin hutu a Kaduna da Abuja, ana koya masu kwamfuta, wasu ma sai a ɗora su a jirgi zuwa Ingila ko Dubai. Ɗan talakan Gayam kuwa, in ya dawo daga gona da azahar, to sai bakin titi, sai gidan kallon ƙwallo, sai majalisar da ake zagayawa da ƙwaya. Wanda ya gaji da zaman kashe wando sai ya nufi ramin haƙar zinare, inda zai ga tsaransa rataye da bindiga yana ƙirga kuɗin da ubansa bai taɓa riƙewa ba.

Su mutanen daji ba sa yin hutu. Dajin Kamuku kaɗai ya haura murabba'in kilomita 1,000, ga shi ya haɗe da na Kuyambana har cikin Zamfara, kuma masu zama cikinsa kullum suna bukatar yaron da zai kai masu mai da burodi, da wanda zai tsegunta masu wanda ya sayar da hatsi a kasuwa. A shekarar 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari, wato BEPU, ta yi ta kururuwa cewa 'yan Ansaru sun samu gindin zama a gabashin ƙaramar hukumar, wajajen Damari da Tsohon Kuyello, suna jan matasa cikinsu, suna auren 'yan matan ƙauyuka. Waɗannan mutane sun fahimci abin da mahukunta suka kasa fahimta, wato saurayin da ba shi da abin yi, ba shi da mai zama da shi ya koya masa wani abu, na wanda ya riga zuwa wurinsa ne.

Tsaro a wurin mahukunta bai wuce shingen bincike da motar sulke da luguden wuta ta sama ba. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin jihar ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar har da Birnin Gwari, aka hana hawa babura, ga kasuwannin mako an riga an rufe su. Kusan wata biyu talaka ya yi ba ya iya kiran ɗan uwansa ko da gobara ce ta tashi. A Disamban 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin kare makarantu na shekarun 2023 zuwa 2026 a kan Naira biliyan 144.8, amma duk da haka aka kwashe yaran Kuriga a 2024. Martanin gwamnatin jihar a wannan shekarar shi ne sanar da cewa za ta haɗe makarantu 359 da ke yankunan da ake fargaba da wasu makarantun. Ma'ana, makaranta ta ƙara yi wa ɗan ƙauye nisa. Shi kuwa babban ɗakin karatu na hukumar ɗakunan karatu ta jihar yana cikin garin Kaduna, sama da kilomita 100 daga Birnin Gwari. Da wane kuɗin mota ɗan Gayam zai je ya aro littafi ya dawo?

Abin takaicin shi ne, ko Turawan mulkin mallaka da En'e-En'e sun fi waɗannan damuwa da karatun talaka, duk da cewa su ma don biyan bukatar kansu suka yi. Tun shekarun 1940 aka soma buɗe ɗakunan karatu na En'e a garuruwan Arewa, inda mutum zai shiga ya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo ba tare da ya biya ko anini ba. A zamanin Yaƙi da Jahilci aka kafa hukumar NORLA a Zariya a 1954, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, Lardin Zazzau wanda Birnin Gwari ke cikinsa yana da tasa mai suna Bazazzaga. Yau ga kuɗin man fetur, ga hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, da ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ga tsarin mulkinsu da kansa ya ɗora wa ƙaramar hukuma hannu a ilmin firamare da na manya da na sana'a. Mazaɓu 11 ne a Birnin Gwari. Ɗaki ɗaya da akwatin littattafai da fitila mai aiki da hasken rana da ma'aikaci ɗaya a kowace mazaɓa, shin ya kai kuɗin motar alfarma guda ta babban jami'i?

Akwai masu cewa ai littafi ba ya tare harsashi, kuma mai jin yunwa ba ya karatu. Gaskiya ne littafi ba ya tare harsashin da aka riga aka harba. Amma kowane harsashi akwai yatsan da ya ja kunamar bindigar, kuma mai wannan yatsa shekaru kaɗan da suka wuce yaro ne da ba wanda ya kula da shi. Batun yunwa kuma, shi ya sa dole shirin hutu ya haɗa karatu da aikin da za a biya saurayi. An gwada wannan a birnin Shikago na Amurka a 2012. Aka ɗauki matasa 1,634 daga makarantun unguwannin da suka fi fama da kashe-kashe, aka yi ƙuri'a, wasu aka ba su aikin makonni takwas a lokacin hutu tare da babban mutum mai lura da su, wasu ba a ba su ba. Sakamakon da aka buga a mujallar Science a 2014 ya nuna cewa a cikin watanni 16, kamen da aka yi wa waɗanda suka samu aikin kan laifukan ta'addanci da duka ya ragu da kashi 43 cikin 100 idan aka kwatanta da sauran. Mafi yawan ragin ma bayan an gama aikin ya bayyana. Shikago ba Gayam ba ce, kuma masu laifin can ba su da dajin ɓuya, amma zuciyar saurayi ɗaya ce ko'ina.

Masu cewa ƙauyuka sun yi nisa da juna su ma ga amsarsu. A 1996 hukumar ɗakunan karatu ta ƙasar Kenya ta soma ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma daga garin Garisa tana bin makiyaya da su. In raƙumi ya kai littafi ga makiyayi a can, me zai hana babur ya kai shi Gayam da rugagen da ke kewaye da ita? Wannan ya kawo maganar da wasu ba sa son ji. Yaron da ke ruga shi ma yaro ne, kuma shi aka fi yi wa watsi. Tun 1989 aka kafa hukumar ilmin makiyaya ta ƙasa, hedikwatarta ma a Kaduna take, amma dubban 'ya'yan makiyaya sun girma a dazukan jihar ba su taɓa riƙe alli ba, har ɓarayi suka kwashe shanun iyayensu, aka miƙa masu bindiga a madadin sanda. Duk shirin da zai koyar da ɗan gari ya bar ɗan ruga, to gyaran gangar auzinawa ne.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba daidai ba ne matasa su zauna suna zagin gwamnati a majalisa daga la'asar har isha alhali ƙannensu na yawo ba su san baƙi ba. Akwai 'yan asalin Birnin Gwari da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna da kwalejin Nuhu Bamalli, akwai masu takardar sakandare, akwai gardawan da suka sauke suka iya ajami. Kowane ɗan uwa ya tuna da abin da malaman tarihi suka ruwaito game da fursunonin Badar, cewa wanda ba shi da dukiyar fansar kansa amma ya iya rubutu, fansarsa ita ce ya koya wa yara goma na Madina rubutu. A ƙasar da kalmar fansa ta koma nufin buhun kuɗin da ake kai wa ɓarawo cikin daji, wannan ita ce fansar da ta dace saurayi mai ilmi ya biya wa garinsu.

Aikin ba ya bukatar jiran kwangila. A nemi izinin mai unguwa da liman da iyayen yara, a samu zaure ko rumfa a cikin gari. Kada a tara yara ɗari a wuri ɗaya a bayan gari, domin abin da ya faru a Kuriga ya isa darasi, a bar su goma-goma a unguwanninsu, da rana tsaka, bayan an dawo daga gona. A bi gida-gida a tattara littattafan da ke kwance gara na ci, a rubuta sunayensu a rajista, a riƙa bayar da aro na mako guda. A roƙi makanikin babur da mai walda da tela da kafinta kowa ya karɓi yara biyu ko uku na tsawon hutun, masu hali kuma su ɗauki nauyin ɗan abin da za a riƙa bai wa yaran a ƙarshen mako. 'Yan mata ma kada a manta da su, domin Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta jira wata gwamnati ba kafin ta tura jajis ɗinta ƙauyuka su koyar da mata, sai a samu 'yan uwa mata masu ilmi su riƙe wannan ɓangare a cikin gidaje.

Bayan an soma da abin da ke hannu, sai a tunkari kansilan Gayam da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha a rubuce, a nemi ɗakin karatu a kowace mazaɓa, a nemi a sa kuɗin shirin hutu cikin kasafi, a ajiye kwafin takardar. Ranar da suka dawo neman ƙuri'a da atamfa da taliya, a fito da ita a karanta masu a gaban jama'a. Ɗan siyasar da ya iya nemo matasa ɗari ya ba su gora da ƙwaya ranar kamfe, ya san inda matasan suke, don haka ba shi da hujjar cewa bai san halin da suke ciki ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dogon hutu na zuwa kowace shekara, kuma duk hutun da ya wuce ba a yi komai ba, wasu yaran sun tafi ke nan. Allah Ya kawo wa mutanen Birnin Gwari zaman lafiya mai ɗorewa, Ya shiryi matasanta na gari da na ruga, Ya isar wa raunana a kan duk wanda ya ci amanarsu.